Tumunin Sitiyari

Ranar sadakar arba'in ta Jibo direba, kowa a ƙofar gidan nan yana roƙa wa mamaci gafara, ban da Manzo. Hannuwansa dai suna sama kamar na kowa, bakinsa yana cewa amin, amma zuciyarsa ta riga ta shige cikin gida tana laluben inda aka ajiye sitiyari. Ya san abin kunya ne. Jibo amininsa ne tun suna kiwon awaki, ranar da aka kai shi makwanci ma sai da aka rirriƙe Manzo don kuka. To amma likitan ido a Yamai ya riga ya gaya masa gaskiya: idon hagu ya tafi, na dama kuma yana ɗaure kaya. Abu ɗaya tsohon nan yake so kafin duhu ya rufe shi, ya tuƙa Tsawa ko da sau ɗaya ne.

Yaran yanzu ba su san Tsawa ba, shi ya sa suke ganin kamar da su aka fara rashin ji a Filinge. Bayan samun ƴancin kai da ƴan shekaru, samari biyar suka je cin rani Kumasi: Jibo, Hafizu, Abdurrazak, Bilal da Manzo. Wasu sukan dawo da zannuwa da akwati, su kuwa da rigima suka dawo. A can suka ga samari suna fige tsofaffin motoci suna cusa musu manyan injuna, suna tsere a bayan gari. Suka iso gida da baƙin tabarau da tsukakken wando da tsaga a ka, suka ce sun kafa Kulob ɗin Ƴan Walƙiya. Har jar riga iri ɗaya suka ɗinka, da hoton walƙiya a baya, sai dai telan bai taɓa tsayawa ya kalli walƙiya ba, abin ya fito kamar tsutsar tana.

Motar kuwa, wato Tsawa, da hannunsu suka gina ta. Akwai gangar jikin wata tsohuwar bashe, wato a-kori-kura, da Turawan yaƙi da fara suka yar a bayan gari, suka janyo ta da shanu, suka yanke mata rufi da zarto, suka zana mata harsunan wuta a haƙarƙari. Hafizu ya kawo injin babbar mota, wanda ya yi mata girma har ba a taɓa samun murfin da zai rufe shi ba. Abdurrazak ya kawo taya uku da bututun hayaƙi biyu, aka kafa su suna kallon sama. Manzo ya kawo taya ɗaya, ta baya ta hagu. Bilal, da yake shi ne talakansu, birki ya kawo, wato kututturen kirya da aka ɗaure da sarƙa, in ana son tsayawa sai direba ya kira sunansa, shi kuma ya tura kututturen ƙasa ya yi ta jan yashi har mota ta gaji. Jibo ya kawo sitiyari, ba wanda ya san inda ya samo shi, ba kuma wanda ya tambaya.

Nan ne aka cuci Manzo, kuma da bakinsa ya ce ya yarda. Mutanen Kurfai, wato ƙasar Filinge, sun saba haɗa kuɗi su sayi sa, wannan yana da ƙafa, wancan yana da ƙafa, kowa ya san nasa. Haka suka yi wa mota. Dokar kulob ɗaya ce, kowa da kayansa, kowa kusa da kayansa. Mai sitiyari shi ke tuƙi. Hafizu ma da farko a kan injinsa ya zauna, sai da wandonsa ya kama hayaƙi kafin su kai kasuwa aka yi masa sassauci ya koma baya. Manzo kuwa bisa tayarsa yake zama, yana cin yashi yana kallon ƙeyar Jibo, daga Filinge zuwa Bonkuku, daga Bonkuku zuwa Tabla, shekara da shekaru. In ya ce a ba shi ya taɓa ko kaɗan, sai Jibo ya ce, "Ai kana tuƙi. Ga tayakka nan tana juyawa."

Da shekarun yunwa suka zo, mai ya gagara, kowa kuma ya yi iyali, sai suka yi wa Tsawa watanda kamar an yanka sa, kowa ya kwance nasa ya kai gida, da niyyar in duniya ta yi daɗi a sake haɗawa. Duniya ta yi daɗi ta daina, ta sake yi, ba a haɗa ba. Gangar jikin ta zauna a ƙarƙashin gawo bayan gidan Manzo, kaji suna ƙwai a ciki. Sannan aka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, Bilal, Abdurrazak, Hafizu, yanzu ga Jibo.

Manzo ya daure har Balkisa, matar marigayin, ta fita takaba. Balkisa ƴar kawunsa ce, wato taubashiyarsa, kuma tun tana ƴar talla ba ta taɓa barin sa ya wuce da mutuncinsa cikakke ba. Ya same ta a tsakar gida tana tsince wake, ƴar tsohuwa ƙarama, ba ta da nauyin kirki sai a harshe.

"Bawana, mi yak kawo ka da rana tsaka?" in ji ta. "In tuwo kaka nema, an wanke tukunya."

Ya zauna, ya yi gaisuwa, ya sake yin ta'aziyya, ya tambayi awaki, ya tambayi ƴaƴan awaki. Da ya ga ba sauran abin tambaya, ya ce, "Bolan na marigayi, sitiyarin nan, nika so ki ara man. Tuƙi nika son yi."

Ta kalle shi, ta kalli idon nan da ya yi fari, ta nuna lungu da haɓa. Sitiyarin yana nan kwance a ƙasa, an ɗora masa randa. "Ga shi can. Ya hi shekara talatin shina riƙe man ruwa, kuma aikin da yah hi iyawa ke nan. Amma ba nawa na ba ni ɗaya. Gado na."

Manzo ya zaci wasa take yi, sai da ya ga ta ɗauki mayafi. Suka tafi wurin liman, tana gaba da sitiyari a ka, yana biye. Liman mutum ne da ba ya wasa da rabon gado ko na allura ne. Ya juya sitiyarin, ya tambayi ko marigayi ya bar bashi ko wasiyya, ya tambayi ƴaƴa nawa, sannan ya yanke ba ko murmushi: matar mamaci tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, saura na ƴaƴa ne, kuma ba ya halatta kowa ya juya shi sai da izininsu.

Ƴaƴan Jibo sun watse, wasu suna Yamai, wani yana Lome. Ibrah makaniki, ɗan Hafizu, magidanci mai furfura a gemu, shi ya yi ta kiransu a waya. Rakiya, babbarsu, ta yi dariya har wayar ta faɗi, ta ɗauka ta ce an ara wa Baba Manzo, Allah ya tsare mutanen gari. Sauran ma haka. Manzo ya koma wurin Balkisa da murna, ya tarar ta zagaye sitiyarin da zare, ta ninka zaren biyu, ta sake ninkawa, ta sake, ta auna tsawon a jikin sitiyarin, ta naɗe wurin da jan ƙyalle.

"Wanga shi na nawa," ta ce. "Kuma ban arawa."

"Haba Balkisa, don Allah."

"Inda tumunina za ya tahi, nan za ni. Ka san da motag ga yan neme ni? Shi zo ƙohwar gidan babana shi yi ta ruri har jakkai su tsinke. An ɗaura aure nac ce shi kai ni ko bakin rijiya, yac ce mota ba ta mata ba ta. Na yahe mai komi da komi, Allah shi jiƙan shi, amma wagga ban yahe ba. Kai ka riƙe bakwai, ni in riƙe ɗaya."

Manzo ya yi nazari. Dokar kulob ta ce kowa kusa da kayansa, kuma da wannan dokar aka hana shi tuƙi duk ƙuruciyarsa, ba shi da bakin da zai ce ba ta hau kan Balkisa ba. Ya ce to.

Tattaro sauran kayan shi ne aikin da ya kusa kashe Ibrah. Bututun hayaƙin nan biyu sun zama indararo a gidan ƴaƴan Abdurrazak, sai da aka hau soro aka ciro su, aka yi alkawarin mayarwa kafin damina. Tayoyinsa uku kuwa tuni aka yanka su takalma, an taka su sun ƙare, sai na amalanken jaki aka aro. Kututturen birki yana gidan Laraba ƴar Bilal, shi ne turken ragonta, ta bayar da shi ta ɗaure ragon a ƙafar gado. Tayar Manzo ce kaɗai ta fito kamar amarya, don a ɗakinsa take rataye, duk sallah sai ya shafe ta da man kaɗanya.

Inji ne ya zama rigima. Injin Hafizu bai taɓa hutawa ba, shi Ibrah ya ɗaura wa maniƙa, shi ke niƙa wa rabin unguwa gero. Da mata suka ji za a cire shi don wani tsoho ya yi yawo, suka zo garejin da ƙwaryoyinsu suka tsaya. An yi ta ba su haƙuri. A ƙarshe suka ce sun ba da yini guda, washegarin kasuwa, za su yi daka da hannu saboda girman furfura, amma in rana ta faɗi inji bai koma wurinsa ba, Manzo da Ibrah za su ɗauki taɓarya. Don haka ba maganar gwaji, ba maganar a sake gobe.

Ranar ta zo. Da hantsi aka turo Tsawa filin da ke bayan gari, inda hanyar shanu take gangarawa cikin kwarin da ake kira dallol. Ibrah ya sake zana mata wutar haƙarƙari da ragowar fentin ƙofa, shuɗi, don shi ya samu. Duk garin ya fito, har matan da suka ce ba ruwansu sun zo da turamensu suna daka a gefe don kada kallo ya wuce su. Manzo ya fito cikin jar rigar kulob, wadda da can take matse shi, yanzu kuwa tana lilo a jikinsa, ya kuma ɗora baƙin tabarau a kan idon da ko babu tabarau ba ya bambance akuya da tunkiya. Aka ɗaure wa Balkisa ƴar kujerar tsakar gida da igiya a gefensa. Ta hau, ta gyara zane, ta damƙe jan ƙyallenta.

Manzo ya ɗora hannu biyu a kan kashi bakwai ɗin da aka ara masa. Ibrah ya nuna masa abin takawa, ya saka masa giya ɗaya ya ce kada ya kuskura ya taɓa ta, sannan ya zagaya gaba ya murɗa ƙarfen tayarwa. Inji ya yi tari, ya yi atishawa, sai ya saki rurin nan da tsofaffin Filinge suka manta suna kewarsa. Jakuna suka tsinke. Wani tsoho da ya kurmance tun bara ya ce ya ji.

Manzo ya yi bisimilla ya taka. Tayoyin baya suka juya da ƙarfi, suka kwashi yashi suka watsa wa jama'a, suka cika wa mata turame, mota kuwa ko gezau. Ya ƙara takawa, ta ƙara tona wa kanta rami. Ibrah ya ɗaga hannu aka kashe.

Ya zagaya ta, ya tsuguna, ya tashi yana sosa gemu. "Baba Manzo, lahiyatta lau. Gaba yay yi mata nauyi, baya kuwa ba komi. Wagga mota an gina ta da mutum huɗu bisa baya. In babu su, taya ba ta kama ƙasa."

Kowa a wurin ya san inda mutanen suke.

Liman ne ya ce ai magada suna nan, kowa ya hau wurin ubansa. Ibrah ya dubi motar da shi da kansa ya ɗaure da waya da igiya, ya dubi direban, ya ce shi yana da iyali. Ƴaƴan Abdurrazak suka tuna suna da baƙi a gida. Laraba ta ce ragonta bai sha ruwa ba. Wasu samari marasa hankali suka ce su za su hau, Manzo ya ce ko kusa, wurin ɗan kulob ba na ɗan kallo ba ne. Aka tsaya cirko-cirko, rana tana yin sama, har Balkisa ta ce daga kan kujerarta, "Nauyi kuka nema ko hira? Ku sa buhu."

Nan aka shiga awon matattu. Tsofaffin matan da suka san su da ƙuruciya suka ajiye taɓare suka zo ba da shaida. Aka kawo buhun gero aka ce Hafizu ne, wata ta ce ƙarya ne, Hafizun da ya taɓa karya gadon ƙanwarta da zama kawai, a ƙara rabin buhu. Ibrah ya ce a ji tsoron Allah, ubansa bai kai haka ba, aka ce masa shi bai san shi ba sai da ciwon suga ya rage shi. Aka ƙara. Abdurrazak dogo ne siriri, buhu bai yi kama da shi ba, sai aka kawo damin gero aka jingina shi tsaye a wurinsa, wata tsohuwa ta rufe baki ta ce wallahi har karkatar wuyan. Bilal aka yi shi da ƙaramin buhun wake, aka ajiye masa kututturensa a gefe kamar yadda ya saba.

Aka sake tayarwa. Tayar dama ta kama, ta hagu ta ci gaba da tonon yashi, mota ta fara juyawa wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure. Aka sake kashewa. Ibrah ya tsaya wajen tayar nan mai sheƙin man kaɗanya, ya rasa yadda zai faɗa.

"Hwaɗi mana," in ji Manzo. "Saura ni."

"Buhun dusa ya ishe shi," in ji Balkisa.

Ibrah dai mutum ne mai son aiki daidai. Ya nemi gafara, ya rungumi Manzo ya ɗaga shi sama a gaban duk Filinge, ya jijjiga shi kaɗan, ya sauke, sannan ya ɗaga wani buhun gero ya jijjiga, ya sa aka kwashe tiya uku. Aka ɗora buhun bisa tayar hagu. Manzo ya matso kusa, ya ɗage tabarau, ya dube su da ragowar idonsa. Ga su nan su huɗu a jere yadda suke zama, Hafizu ya cinye wuri, Abdurrazak ya karkata, Bilal ya takure, ga kuma shi a cikinsu, an ɗaure masa baki da igiya. Tsoro ya kama shi, na gaske, irin wanda bai ji ba ko a gaban likita. Ya ji kamar ya ce a sauke buhun nan, a fasa. Sai ya tuna in an sauke shi mota ba za ta tafi ba, ya mayar da tabarau ya hau.

Wannan karon Tsawa ba ta yi shawara da kowa ba. Ta yi tsalle ta fice daga raminta, ta bi hanyar shanu da gudun da ba wanda ya zaci yana jikinta. Jama'a suka dare.

Matsalar farko ita ce ba wanda ya yi tunanin sitiyari juyawa yake yi. Da Manzo ya murɗa hagu, tumunin Balkisa ya tafi sama ya bar ta, hannunta gajere, ita kuma ta rantse ba ta saki, sai ta janyo abinta. Mota ta koma dama. Ya ja, ta ja.

"Saki man bolan, kuyanga."

"Nawa nika riƙe. Kai ka ja naka."

"Haɗe suke."

"To wa yac ce ka kai man shi can? Gawo gabanka, yi dama. Dama nac ce, tsohon banza, wadda kaka cin tuwo da ita."

Suka wuce gawon da tazarar da ba ta kai kamu ba. Haka suka yi ta tafiya kamar maciji, ita tana gani ba ta iya murɗawa, shi yana murɗawa ba ya gani, har suka gano cewa in ta faɗa da wuri shi kuma ya murɗa kaɗan, tumuninta ba ya yin nisa. Hanya ta miƙe. Iska ta bugi fuskar Manzo kai tsaye, ba ƙeyar kowa a gabansa, sai haske da faɗin ƙasa da jan dutsen dallol can nesa kamar a cikin ruwa. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa shi. Ya buɗe baki ya saki kirarin kulob, wanda rabinsa zagin mutanen Tabla ne. Da ya saci kallon gefe sai ya ga mayafin Balkisa ya tafi, ƴan haƙoranta duk a waje, tana guɗa.

Sai gangara ta zo, a ƙarshenta kuma akwai rijiya, Fulani suna shayar da shanu. Balkisa ta daina guɗa ta ce shanu ne a gaba, da yawa, ya tsaya. Manzo ya ɗage ƙafa, amma gangara ta riga ta karɓi motar. Bai ko yi tunani ba, ya yi abin da ya ji Jibo yana yi duk tsawon shekarun nan, ya ɗaga murya ba tare da ya waiwaya ba.

"Bilal, birki!"

Ba abin da ya faru.

"Bilal!"

"Bilal wake na," in ji Balkisa.

Gari guda ya tsaya awon matattu har da gardama, ba wanda ya tuna cewa Bilal ba zama kaɗai yake yi a motar nan ba. Shanu suna ƙara girma. Makiyayan suka yar da guga suna ɗaga sanduna. A hagu akwai tudun yashi, Balkisa ta ce can, ta kuma tashi tsaye da kujerar ɗaure a ƙugunta ta tura tumuninta sama da hannu biyu, Manzo ya ja nasa ƙasa. Tsawa ta kwanta gefe ɗaya, ta miƙe, ta haura tudun da ruri, ta kai rabi, ta nutse har ciki. Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashinsu, ƙarar ƙarfen da ya gama aikinsa a duniya, tsakiyar motar ya zauna a ƙasa. Inji ya yi tari biyu ya yi shiru.

Suka zauna suna haki. Daga ƙasa ana jin shanu suna kuka, wani makiyayi yana faɗin abin da ya ga dama da Fulatanci. Manzo bai saki sitiyari ba. Ya san bayan Tsawa ya karye, ya san inji zai koma niƙa kafin magariba, bututu su koma soro, ya kuma san ko da mota ta tashi, idonsa ba zai kai wata shekara ba. Amma ya tuƙa, kuma ba wanda zai kwance wannan ya kai gida.

"Duba man mutanen baya," ya ce. "Suna lahiya?"

Balkisa ta juya da kujerarta, ta sa hannu ta kare rana, ta daɗe tana duban hanyar da suka biyo.

"Abdurrazak na can rataye ga ƙaya. Hafizu ya hwashe wajen gawo, awaki sun taru kainai. Bilal ban ma gane shi ba, sai kututturenai ag ga nan, ko motsi bai yi ba." Ta dubi bayan motar. "Kai ɗaya kar rage. Kana nan zaune bisa tayakka."

Manzo ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har tabarau ya zame, har tari ya sarƙe shi, yana cewa Hafizu da awaki, Hafizun da bai taɓa barin ko ƙanzo ga kowa ba. Can dariyar ta juye, bai san lokacin da ta juye ba, sai ga shi yana kuka sosai, kafaɗunsa suna rawa cikin jar rigar nan. Kewar mutanen nan huɗu ta taso masa gaba ɗaya, har da Jibo da ƙeyarsa.

"Ko sallama ba su yi man ba," ya ce.

"Haka sunka saba," in ji Balkisa, ita ma tana share ido da gefen zane.

Can nesa jama'a sun taho a guje, Ibrah a gaba da akwatin ƙarafansa, matan unguwa a bayansa suna nuna rana. Balkisa ta dube su, ta dubi hannuwan tsohon nan da suka ƙanƙame sitiyari suka bar mata wurin jan ƙyalle, ko yatsa ɗaya bai ƙetare ba. Ta sa haƙori ta kwance ƙullin, ta warware ƙyallen, ta ɗaure kanta da shi tunda mayafi ya tafi. Sannan ta kama hannunsa na dama ta ɗora a wurin.

"Na ara ma," ta ce. "Kahin su iso."

Manzo ya gyara zama, ya mayar da tabarau, ya murɗa sitiyarin hagu har ƙarshe, ya dawo da shi dama har ƙarshe, tayoyin amalanke suna ƙugi cikin yashi.